Maɓallai da Sarƙoƙin Matan Anglo-Saxon: Me Masana Ke Karantawa a Jikinsu?

A watan Disamba na 2022 masu haƙar kayan tarihi na cibiyar MOLA da ke Landan suka sanar da cewa sun tono wata sarƙar wuya a ƙauyen Harpole, cikin gundumar Northamptonshire ta Ingila, a wani fili da ake shirin gina gidaje. Sarƙar tana da 'ya'ya 30 na zinariya da gilashi da duwatsu masu daraja, kuma an binne ta ne tare da wata mace tsakanin shekarar 630 da 670. Bayan wata bakwai, a ƙarshen Yulin 2023, aka faɗaɗa dokar da ta shafi dukiyar da ake tonowa daga ƙasa a Ingila. A 2025 kuma aka wallafa cikakken sakamakon gwajin DNA da ya nuna cewa wata yarinya da aka binne a Kent, kudu maso gabashin Ingila, a ƙarni na 7 tana da jinin Afirka ta Yamma. Duka labaran nan sun shafi kaburburan zamanin Anglo-Saxon, musamman na mata, kuma sun bar masu karatu da tambayoyi: me ya sa ake binne mace da adonta, ta yaya ake gane zamaninta daga ɗan ƙarfen da ke kafaɗarta, kuma wa ke da abin idan an tono shi?

## Ma'anar kalmomin

"Anglo-Saxon" suna ne da masana tarihi ke kiran mutanen Ingila da al'adunsu tun daga janyewar mulkin Rumawa wajajen 410 har zuwa 1066, shekarar da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi. Bede, malamin cocin da ya kammala tarihinsa a 731, ya ce baƙin da suka tsallako teku ƙabilu uku ne, Angle da Saxon da Jute, daga inda yau ake kira arewacin Jamus da Denmak. Har ƙasa ya raba musu: Jute a Kent da tsibirin Wight, Saxon a kudu, Angle a gabas da tsakiya da arewa. Sunan kansa yanzu ana ja-in-ja a kansa. A 2019 babbar ƙungiyar masana fannin ta duniya ta cire shi daga sunanta saboda yadda masu aƙidar fifita farar fata ke amfani da shi, a 2024 kuma mujallar fannin da ke fita daga Cambridge ta yi haka. Wasu masanan, musamman masu haƙa a Birtaniya, sun ce kalmar ta fasaha ce mai nuna zamani, don haka suna nan da ita.

Maɓalli a nan shi ne abin da Turawa ke kira brooch, masu shi kuwa a tsohon Turancinsu suna cewa preon ko dalc. Fil ne babba mai fuskar ado. A bayan fuskar akwai allura, galibi ta baƙin ƙarfe, da naɗaɗɗiyar waya mai ba allurar ƙarfin komawa, da ƙugiyar da bakin allurar ke shiga. Dogayen maɓallai suna da ɗan doro a tsakiya, nan ne ƙyallen da aka tattaro yake zama. A ƙarni na 5 da na 6 maɓalli kayan aiki ne kafin ya zama ado, domin in an zare shi rigar faɗuwa za ta yi.

## Yadda ake sa su

Mace za ta fara sa rigar ciki mai dogon hannu. A kai sai ta zura wani faffaɗan ƙyalle, yawanci na gashin tumaki, mai siffar buhu marar gindi, ta jawo bakin baya da na gaba su haɗu a kan kowace kafaɗa, ta soke kowanne da maɓalli. Shi ya sa ake samun su bibbiyu. Tsakanin maɓallan biyu ake rataya igiyar duwatsu ta sauko a ƙirji, ba ta zagaya wuya ba. Mai hali tana ƙara na uku, babba, a ƙirji ko a maƙogwaro, don riƙe mayafi. A ɗamara kuma ana rataya wuƙa da jaka da mabuɗai.

Babu riga ko ɗaya ta wannan zamani da ta tsira cikakkiya. Tsatsa ce ta adana labarin. Idan allurar baƙin ƙarfe ta fara ruɓewa a cikin kabari, tsatsarta kan shiga zaren da ke manne da ita ta kwafe siffarsa kafin ya ruɓe. Daga ɗan guntun da bai kai farce ba, ƙwararru irin su Penelope Walton Rogers suna gane ko ulu ne ko lilin, ta wane gefe aka murza zaren, zare nawa ne a santimita ɗaya, da kuma wane ƙyalle ne a sama, wane ne a ƙasa.

Kabari mai lamba 18 a maƙabartar Butler's Field da ke Lechlade, wanda aka haƙa a 1985, ya nuna cikakkiyar shigar ƙarni na 6. Matashiyar mace ce. A kafaɗunta akwai maɓallai biyu masu siffar faranti da aka yi wa ruwan zinariya, a ƙirji babban maɓalli mai kai murabba'i, sai ɗaruruwan duwatsun ado, da zobban azurfa, da haƙorin wata dabbar ruwa da aka ɗaure da ƙarfe don ratayawa, da zoben hauren giwa wanda shi ne bakin jakarta, da mataji da kayan kaɗi. Kayan suna gidan tarihi na Corinium a Cirencester. Irin wannan kabari ɗaiɗai ne. A maƙabartu da yawa akwai matan da aka binne da wuƙa kawai, ko ba komai.

## Iri-iri da yankunansu

A gabas da arewa, daga Norfolk zuwa Lincolnshire da Yorkshire, dogon maɓalli mai siffar gicciye ya fi fice. Yana da ƙulli uku a kai, ƙafarsa kuma takan ƙare da kan dabba mai kama da doki. Siffar gicciyen ba ta da alaƙa da Kiristanci, domin masu sa shi ba su karɓi addinin ba tukuna. Toby Martin ya tattara bayanan fiye da 2,000 na irinsa. Na farko-farko ƙanana ne, marasa ado sosai, na ƙarshe kuwa sun baje sun haura santimita 15. A yankin ne kuma ake yawan samun maɓallin zobe, mafi sauƙin ƙira, da 'yan ƙugiyoyin tagulla da ake ɗinkawa a bakin hannun riga, waɗanda John Hines ya nuna cewa daga Norwe salonsu ya shigo a ƙarshen ƙarni na 5.

A kwarin kogin Thames da Sussex da Wessex, maɓallin faranti ne: zagayayye mai ɗagaggen baki, cikinsa da zanen tauraro ko murɗe-murɗe ko dabbobi, faɗinsa daga wajen santimita 3 har zuwa 8 a ƙarshen yayinsa. Babban maɓalli mai kai murabba'i kuwa ya ratsa yankunan duka, kuma a kabarin masu dukiya ake ganinsa.

Kent daban take. Tana fuskantar ƙasar Faransawan farko, wato Frank, ta tsallaken ruwa, kuma matanta sun ɗauki salon riga mai buɗewa ta gaba da maɓallai huɗu, biyu ƙanana a sama, biyu dogaye a ƙasa. Azurfa da jan dutsen ganet sun fi yawa a can, haka nan zaren zinariya a ɗaurin kai, da ƙwallon farin dutse garai-garai da cokali mai huji-huji da ake ratayawa daga ɗamara.

Akwai wani abu da ake samu a kabarin matan gabas wanda har yau ake muhawara a kansa: sanduna biyu na tagulla masu kama da mabuɗi amma ba sa buɗe komai. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce alamar uwargida mai riƙe da kayan gida. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da dokar Sarki Cnut ta ƙarni na 11, wadda ta ce ba a kama mace da laifin kayan satar da mijinta ya shigo da su sai in an same su a ɗakin ajiya ko akwatin da mabuɗinsu ke hannunta. Raunin hujjar shi ne tsakanin dokar da kaburburan akwai shekara wajen 500.

## Aikin maƙeran fari

Mafi yawan maɓallan zubi ne, ba ƙira da guduma ba. Maƙeri zai fara sassaƙa samfuri, ya danna shi cikin yumɓu ya fitar da mazubi mai ɓari biyu, na fuska da na baya, ya busar ya gasa, ya haɗe su, sannan ya narka tagulla a wuta mai zafin kusan digiri 1,000 ya zuba. An samu gutsattsarin irin wannan mazubi a Mucking da ke Essex. Tagullar kanta gauraye ce ta jan ƙarfe da kuza da tutiya da dalma, kuma awon da aka yi wa maɓallai da yawa ya nuna gaurayen ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya, alamar cewa tsofaffin kayan Rumawa ake narkewa.

Inda aikin ke ɓaci sananne ne. In mazubi bai bushe sarai ba, tururi zai bar ramuka a fuskar maɓallin ko ya fasa yumɓun. In ƙarfen ya huce kafin ya kai lungu, ƙafar maɓallin za ta fito guntuwa. Ƙugiyar baya ita ce ta fi saurin karyewa saboda ita ke ɗaukar nauyin riga, shi ya sa ake yawan ganin wadda aka sake liƙawa ko aka kafe da ƙusa. Ƙullin gefe na maɓallin gicciye da farko daban ake zuba su a zura a sandar da ke riƙe da wayar allura, sandar kuwa baƙin ƙarfe ce, da ta yi tsatsa sai su zube. Daga baya maƙera suka koma zuba su haɗe da kai. Gyare-gyaren nan da gogewar da ke jikin wasu maɓallan sun nuna an daɗe ana sa su kafin a binne, wasu ma wataƙila gado ne daga uwa. Wannan yana da tasiri wajen ƙiyasta shekaru, domin ranar ƙira daban, ranar binnewa daban.

Ruwan zinariya da zaiba ake yin sa. A narkar da zinariya cikin zaiba ta zama kamar kulli, a shafa a fuskar da aka kankare tas, a ɗora a wuta. Zaiba na tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta bar zinariyar manne, a goge da abu mai santsi har ta yi ƙyalli. Tagulla mai dalma da yawa ba ta karɓar wannan aiki, tabo-tabo take fitarwa, kuma hayaƙin zaibar guba ne ga mai yi. Baƙin zanen da ake gani a kan azurfa kuwa haɗin azurfa ne ko jan ƙarfe da farar wuta, ana cusa shi cikin layukan da aka ƙwaƙule sannan a goge ya yi daidai da fuskar.

Ƙololuwar gwanintar tana cikin aikin ganet. Ana tsayar da siraran katangun zinariya a kan faranti su yi 'yan ɗakuna, a yanka dutsen fale-fale, kaurinsa wajen milimita ɗaya, daidai da kowane ɗaki. Kafin a sa dutsen sai a shimfiɗa fallen zinariya da aka buga wa zanen raga a ƙarƙashinsa. Wannan falle shi ke mayar da haske ta cikin dutsen, in babu shi ganet baƙi-baƙi yake fitowa. Maɓallin Kingston, wanda aka tono a Kent a 1771 a haƙar Bryan Faussett, shi ne fitaccen misali: faɗinsa ya ɗan haura santimita 8, da ɗaruruwan gutsattsarin ganet da shuɗin gilashi da farin ɓawon kifin teku, da murɗaɗɗiyar wayar zinariya mai siffar dabbobi. Yana Liverpool ne a yau saboda Gidan Tarihin Birtaniya ya ƙi sayen tarin Faussett, sai Joseph Mayer ya saya a 1854, daga baya ya ba birnin kyauta.

Zanen dabbobin ma yana taimakawa wajen gane zamani. Bernhard Salin ya kasa shi a 1904. Salo na ɗaya, na ƙarshen ƙarni na 5 da na 6, dabba ce da aka wargaza, ido nan, cinya can, ƙafa a wani lungu. Salo na biyu, daga ƙarshen ƙarni na 6, dogayen dabbobi ne masu sarƙe juna kamar tufkar igiya.

## Daga ina kayan ke zuwa

Ambar, wato daskararren ƙaron itace, daga gaɓar tekun Baltic take, kuma ita ta mamaye igiyoyin ƙarni na 6. Awon sinadaran ganet ya nuna na farko daga Indiya da Siri Lanka suke, a ƙarni na 7 kuma aka koma samo wasu daga Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau. Zinariyar yawancinta tsabar kuɗin Rumawan Gabas ne da na Frank aka narke.

Zobban hauren giwa na bakin jaka sun daɗe suna rikita masana: tsohon haure ne na dabbar da ta ƙare, ko na giwar Indiya, ko ta Afirka? Binciken da aka wallafa a 2023 kan zobe daga maƙabartar Scremby a Lincolnshire ya nuna giwar Afirka ce, ta rayu a yankin duwatsu masu aman wuta irin na gabashin nahiyar, kuma masu binciken sun karkata ga cewa ta hannun daular Aksum ta Habasha hauren ya fita. A kaburburan ƙarni na 7 kuma ana samun wuri daga Bahar Maliya. Ba ƙaramin wurin da aka yi kuɗi da shi a ƙasar Hausa ba ne, babban iri ne mai cika tafin hannu, kuma galibi a jaka ko akwati ake samunsa, abin da ya sa ake ɗaukarsa laya.

## Shin maɓalli shaidar ƙabila ne?

A nan gizo ke saƙar. Tun farkon ƙarni na 20, E. T. Leeds na gidan tarihin Ashmolean da ke Oxford da waɗanda suka biyo shi sun zana taswirar inda aka samu kowane irin maɓalli, suka ga ta yi kusa da rabon da Bede ya yi. Sai aka wayi gari ana cewa mai maɓallin faranti 'yar Saxon ce, mai na gicciye 'yar Angle. Hujjarsu ba ta banza ba ce: akwai maɓallan ƙarni na 5 a Ingila da suke kusan sak da na tsakanin kogunan Elbe da Weser a Jamus.

Daga shekarun 1980 wasu masana suka ƙalubalanci wannan karatu. Suka ce kama da wane ba ta wane. Salo yana tafiya ta aure da ciniki da kwaikwayo, 'yar ƙasa za ta iya sa kayan baƙi, kuma Bede ya yi rubutu ne shekara kusan 300 bayan abin da yake bayarwa. Suka ƙara da cewa matacciya ba ita ke shirya kanta ba, dangi ne ke zaɓar abin da za a gani a jikinta ranar binnewa. Wasunsu har suka ce ƙaurar ba ta da yawa, 'yan tsirarun mayaƙa ne suka zo, sauran jama'a suka bi salonsu.

Gwajin DNA ya ba kowane ɓangare wani abu ya kuma ƙwace wani. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya duba mutum 460, 278 daga cikinsu daga Ingila, ya gano cewa a gabashin ƙasar matsakaicin kashi 76 cikin 100 na asalinsu daga tsallaken Tekun Arewa yake, maza da mata. Wannan ya raunana ra'ayin 'yan tsirarun mayaƙa. Binciken ya kuma ga cewa matan da ke da asalin baƙi sun fi samun kayan kabari, har da maɓallai. Amma a Oakington kusa da Cambridge, wani bincike na 2016 kan mata huɗu ya nuna wadda ta fi kowa kaya, mai babban maɓallin gicciye, ita ce mai jinin 'yan ƙasa. Yarinyar Kent da aka ambata a farko, ta maƙabartar Updown, wadda wajen kashi ɗaya bisa uku na asalinta ya yi kusa da na Yarabawa da Mende da Esan na yau, an binne ta ne cikin maƙabartar gari kamar kowa, da tukunya da cokali da mataji. Akwai kuma giɓin da ba a cike ba: gawar da aka ƙona ba ta ba da DNA, alhali a Spong Hill kaɗai, a Norfolk, an tono tukwanen toka fiye da 2,000.

Matsayar da hujjojin suka fi ɗauka ita ce ta tsakiya. Ƙaura ta faru, mai yawa kuwa, amma maɓalli yana nuna al'ummar da mace ta rayu a cikinta da matsayinta a ciki, ba lallai inda aka haifi kakanninta ba. Toby Martin ma yana ganin maɓallin gicciye ya zama alamar "Angle" ne a cikin Ingila, bayan an zauna. Shekaru ma suna da hannu: ƙananan yara ba kasafai ake binne su da maɓallai biyu ba, sai yarinya ta kusa balaga ake fara ganin cikakkiyar shigar.

## Sauyin ƙarni na 7

Wajajen 560 zuwa 580 maɓallan kafaɗa suka fara ɓacewa, da su da dogayen igiyoyin ambar. Riga ta koma ɗinkakkiya wadda ba ta buƙatar fil. Abin da ya maye gurbi shi ne gajeriyar sarƙar wuya mai 'yan duwatsu kaɗan, da zobban wayar azurfa, da dutsen ametis mai launin shunayya, da 'yan lilon zinariya, da ƙananan allurai biyu haɗe da sarƙa don riƙe lulluɓi. Bambancin yanki ya kusa shafewa: sarƙar Desborough da aka samu a Northamptonshire a 1876, mai gicciyen zinariya a tsakiya, da kayan kabarin Street House can arewa maso gabas, harshe ɗaya suke magana.

An daɗe ana jingina sauyin ga Kiristanci, amma lissafin bai zauna ba, domin Augustine, mai wa'azin Kiristanci da aka aiko daga Roma, ya iso Kent ne a 597, bayan tsohon salon ya riga ya fara mutuwa. Sauran bayanan da ake kawowa su ne kwaikwayon adon fadar Rumawan Gabas ta hanyar Frank, da katsewar hanyar ambar, da tasowar masarautu masu tara dukiya a hannun gidaje ƙalilan. Annobar da ta ɓarke a daular Rum a 541 ita ma ana ambatonta. Babu ɗaya da ya wadatar shi kaɗai.

Abin da ya tabbata shi ne a tsakiyar ƙarni na 7 kaburbura mafiya dukiya na mata ne, kuma da alamar gicciye ƙarara. A Trumpington kusa da Cambridge, a 2011, an samu yarinya 'yar kimanin shekara 16 kwance a kan gadon katako, da gicciyen zinariya da ganet mai faɗin santimita 3.5 a ƙirjinta. Awon haƙoranta ya nuna ta taso ne a kusa da tsaunukan Alps, ta zo Ingila bayan ta wuce shekara bakwai. Matar Harpole ma a kan gado aka binne ta, kuma hoton X-ray ya nuna babban gicciye mai adon azurfa a jikinta. Wasu na cewa irin waɗannan matan shugabannin gidajen ibada ne, wasu na cewa 'ya'yan sarauta ne da aka aurar don ƙulla zumunci. Helena Hamerow ta Oxford tana ganin manyan gidaje sun yi amfani da kabarin matansu ne wajen tsarkake suna da kafa haƙƙi a kan ƙasa. Malaman coci dai ba su saki jiki da adon ba. Bede ya ruwaito cewa Aethelthryth, sarauniyar da ta kafa gidan ibada a Ely ta rasu a 679, ta ɗauki ƙarin da ya fito mata a wuya a matsayin kaffarar sarƙoƙin da ta sa tana budurwa.

Wajajen 680 aka daina binne mutane da kaya kusan gaba ɗaya, kamar yadda babban aikin ƙididdigar zamani na Hines da Alex Bayliss ya nuna a 2013. Ba a san wata dokar coci da ta hana ba. A daidai lokacin ne kuma zinariya ta yi ƙaranci har kuɗin ƙasar suka koma azurfa.

## Bayan an daina binne kaya

Daga nan shaidar ta koma abin da aka ɓoye ko aka yar, don haka sanin wa ya sa me ya yi wuya. Yayi ya koma faffaɗan maɓallin azurfa guda ɗaya, kamar guda shida da mai haƙar kabari ya ci karo da su a harabar cocin Pentney a Norfolk, ko maɓallin Fuller na ƙarshen ƙarni na 9 mai hoton gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa. Talakawan birane irin su York da Landan suna sa kwaikwayonsu na dalma da kuza. Rubutu ya fara cike giɓin: wata mai dukiya, Wynflaed, ta bar wa 'yarta maɓallin mayafinta a wasiyyar ƙarni na 10. Maɓallin da aka tono a Sutton kusa da Ely a 1694 kuwa da kansa yake magana, domin a bayansa an rubuta cewa Aedwen ce mai shi, Ubangiji ya la'anci wanda ya raba shi da ita, sai in ita ta bayar don ra'in kanta.

## Doka, da abin da ya shafi mai tsintuwa da mai saye

Yawancin sababbin maɓallan da ake samu yau masu yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki ne ke tono su. Dokar Dukiya ta 1996, mai aiki a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, ta ce abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinariya ne ko azurfa, dole a sanar da jami'in shari'a na yankin cikin kwana 14. Ƙin yin haka na iya jawo tara ko ɗaurin wata uku. In gidan tarihi yana so, kwamiti zai yi masa kuɗi, a bisa al'ada a raba biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Abin wuyan Winfarthing na Norfolk, wanda wani ɗalibi ya gano a 2014, an yi wa kayan kabarinsa kuɗi kimanin fam 145,000.

Giɓin dokar ya faɗa daidai kan kayan matan ƙarni na 6. Maɓallin tagulla, ko da an yi masa ruwan zinariya, bai kai kashi 10 ba, don haka mai gona da mai tsintuwa na iya sayar da shi, sanar da shirin rajistar tsintuwa na Gidan Tarihin Birtaniya kuma ganin dama ne. Gyaran 30 ga Yulin 2023 ya ƙara rukuni: abin ƙarfe da ya haura shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihin ƙasa ko yanki zai iya zama dukiya a idon doka ko da ba zinariya a jikinsa. Gidajen tarihi sun yi maraba. Masu suka daga ɓangaren masana sun ce ma'aunin ya yi tsauri, maɓalli na yau da kullum ba zai shiga ba, alhali da irinsu ake zana taswira. Wasu masu na'ura kuma suna ƙorafin jinkirin tantancewa da biyan lada. A Scotland tsarin daban ne, can kowace tsintuwar tarihi sai an kai rahotonta.

Ga mazaunin Birtaniya mai sha'awar wannan nema, ba a shiga gona sai da izinin mai ita, ba a taɓa wurin tarihi da gwamnati ta killace, kuma da an ga ƙashin mutum sai a dakata a kira hukuma, domin tono gawa na buƙatar lasisi. Ga mai saye ta intanet daga ko'ina, jabu sun yi yawa, kuma duk abin tarihin da aka tono daga ƙasar Birtaniya yana buƙatar lasisin fitarwa komai arharsa. Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne wankewa. Mai tsintuwa kan ga dunƙulen tsatsa a bayan maɓalli ya kankare shi don fuskar ta fito, alhali a cikin dunƙulen nan ne zaren rigar yake, wani lokaci har da igiyar da aka shirya duwatsun a kai.